Hannun Inna a Kan Gyaɗa

Ina cikin auna wa wata mata yadi a shagona na babbar kasuwar Garwa wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga Gider, wadda duk gidanmu muke kira Auta. Ta ce, "Yaya, Inna ta cika." Na yi salati, na ajiye wayar. Na ƙarasa yanka yadin, na ninke, na miƙa wa matar. Har na ce mata ta gaida gida.

Bazara ce, kuma a shekarun nan ne da hanyar arewa ta cika da shingaye saboda rikicin bakin iyaka. Kowane shinge sai mun sauka daga mota mun nuna wa jandarma katin shaida. Kafin in isa an riga an kai ta, don zafin lokacin ba ya bari a jira kowa. Na zauna a tabarma a ƙofar gida, masu gaisuwa suna zuwa, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci, ina amsa musu. Ban yi kuka ba. Da na shiga cikin gida, abin da idona ya tsaya a kai buhun gyaɗa ne a jingine bakin ɗakinta, bakinsa a buɗe. Gyaɗar iri ce. Ta fara ɓare ta da hannu kafin ruwa ya sauka, don ba ta yarda a sa wa iri turmi ko inji, wai suna fasa ƙwayar.

A lokacin ina rubuta littafi, saura babi ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi lakwal, wato makarantar firamare, da Faransanci, Hausar boko kuwa a littattafan da direbobi ke kawowa daga Yola da Mubi na koye ta. Littafin labarin gidanmu ne, yadda kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da jakuna da kanwa da tufafi, ya yi ta fatauci har ya zauna a wannan gefen iyakar. Na fara shi ne saboda 'ya'yana. In na yi musu magana da Hausa, su amsa da Fulatanci ko Faransanci. Na ga in ban rubuta ba, babu wanda zai gaya musu.

Kusan duk abin da ke cikinsa daga bakin Inna ya fito, amma ba ni ta gaya wa ba. Ni ne ɗanta na fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta zama kusa da ni, ba ta yaba mini a gaban mutane ko a bayansu. Haka ta tarar iyayenta suna yi, haka ta yi. In tana son in ji wani abu, sai ta gaya wa Auta da ƙarfi ina zaune. "Ki ce wa mai shagon nan, kakansa ba ta Yola ya shigo ba, ta duwatsun Mokolo ya biyo."

Ni ma na bi wannan hanyar. Duk sanda na gama babi, sai in shiga mota in je Gider, in zauna gindin darbejiyar tsakar gida in karanta wa Auta. Inna tana can bakin ɗakinta ta ba mu gefe, faifai a cinya, tana ɓarar gyaɗar ƙuli. Auta ba ta sauraro sosai, tana tsifar kan 'yarta ko tana hura wuta. Ni kuma ba ita nake kallo ba. Hannun Inna nake kallo ta gefen ido. In abin da na rubuta ƙawa ce kawai, hannun yana tafiya, ƙas, ƙas, ƙas. In na yi kuskure, sai ya ƙara sauri. In na faɗi abin yadda yake, sai ya tsaya, ƙwayar tana tsakanin yatsunta. Da na koma Garwa, sai in soke duk inda hannun ya yi sauri, in rage inda ya tafi daidai, in bar inda ya tsaya.

Wata rana na yi dogon yabo ga kakanmu, na kira shi sadauki. Inna ta ce, "Auta, ki tambayi malamin nan, sadaukin da jaki ya kayar a kogin Mayo Luti yake nufi, ko wani ne daban?" Auta ta yi dariya har da hawaye. Na soke shafin gaba ɗaya.

Bayan addu'ar bakwai na koma shago. In kasuwa ta yi sanyi bayan azahar, sai in buɗe kaye, littafin da nake rubutu a ciki, a kan tebur in ɗauki biro. Ba baƙin ciki ne ya hana ni ba, don ban ji shi ba tukuna. Sai dai duk jimlar da na rubuta, ban san ko ta yi ko ba ta yi ba. Na karanta wa maiɗakina, ta ce, "Wallahi ya yi daɗi, Alhaji." Na karanta mata wani wurin da na san shirme ne, ta sake cewa ya yi daɗi. Tausayina take ji. Na rufe kayen na sa a ƙarƙashin yaduka. Aka yi arba'in, ruwa ya sauka, Binuwai ta cika, gero ya kai gwiwa. Ban ƙara kalma ba.

Tsakiyar damina na je Gider ganin gida. Na tarar da buhun yana nan yadda yake. Lokacin shuka ya wuce, babu wanda ya iya taɓa shi.

Auta ta kawo mini ruwa, ta ce, "Yaya, ina littafin? Ko ya bi Inna?"

Na ce, "Ya tsaya."

"Ai ka zo da shi, ga shi can yana leƙowa daga aljihu."

"Babu wani sabon abu a ciki. Me zan karanta miki?"

"Ni yaushe ka taɓa karanta mini? Shekara da shekaru kana amfani da kunnena kamar bango. Kana tsammanin ban sani ba?"

Ta tashi ta ɗauko faifan Inna, ta ɗebo gyaɗa daga buhun, ta zauna a bakin ɗakin ta ba ni gefe. Ta ce, "To faɗa da baki. Ka gaya wa darbejiyar."

Na fara. Abin da na shirya wa babin ƙarshe shi ne yadda zuriyar kakanmu ta bazu, wasu a Garwa, wasu suna aikin siminti a Figil, wasu sun kai har Kusiri. Na yi ta jero su. Hannun Auta yana tafiya, ƙas, ƙas. Na kawo maganar daraja da asali, ya ƙara sauri. Ta ci gaba da ɓara ba ta dube ni ba.

Ban san abin da zan ƙara ba, sai na faɗi abin da ke gabana. Na ce a gidan nan akwai wata mata da ba ta taɓa kiran ɗanta da suna ba. Duk sanda zai koma Garwa, sai ta zaɓi manyan ƙuli ta ƙulle a leda ta ajiye a kan turmi, kan hanyar fita, ta shige ɗaki. Shi kuma ya ɗauka bai ce an gode ba, don in ya ce, ya nuna ya san daga inda ya fito.

Hannun ya tsaya.

Daga baya Auta ta ce, "Gyaɗar nan ƙura gare ta," ta goge ido da gefen zani. Ni na ciro kayen na rubuta abin da na faɗa, a gwiwata, ban canza komai ba. Na ci gaba daga nan har aka kira la'asar. Sauran na ƙarasa a shago cikin makon. Da na sa aya ta ƙarshe ban ji daɗi ba, ban ji komai ba. Na rufe, na tashi na auna wa wani yadin shadda.

Babin ya fi sauran gajarta. Babbar 'yata ta karanta shi a hankali, tana tambayata ma'anar wasu kalmomi. Ban san inda hannun Inna zai tsaya a cikinsa ba, wataƙila ma sauri zai yi, don maganarta ce aka yi a fili.

Abin da Auta ta ɓare ran nan bai cika kwano ba. Sauran buhun yana nan a bakin ɗakin Inna, ba a gama ɓare shi ba.