Auta da Dokin Mai Amalanke

A gidansu ba wanda ya taɓa ganin Auta ta gama cin abinci a zaune. Loma biyu sai ta miƙe ta leƙa taga, ta dawo, ta sake tashi. Mamanta takan ce tun tana ciki ta hana ta sakat. Da ta shiga jami'a ta fara da karatun haɗa magunguna, amma shekara ba ta zagayo ba ta ce kwalabe sun ishe ta. Ta koma sashen likitancin dabbobi.

"Duk likitocin duniya, na awaki kika zaɓa?" in ji yayanta, direban babbar mota. "To in na yi zazzaɓi sai in zo miki da kukan akuya."

"Ba sai ka wahala ba, Yaya, a haka ma zan karɓe ka."

Karatun bai zo mata da sauƙi ba. Sunayen ƙasusuwa ba sa zama a kanta sai tana zagaya ɗaki da littafi a hannu, har abokiyar ɗakinta ta tattara ta bar mata ɗakin. Ta faɗi jarrabawa, ta maimaita, ta haye da ƙyar. Ta fara tunanin ko nan ɗin ma ba wurinta ba ne.

Da hutu aka tura ta koyon aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi: ɗaki biyu, teburin ƙarfe, firjin allurai, da fili a baya mai warin fitsari da magani. Likitar wurin dattijuwa ce mai tsadar magana. Ranar farko aka ba Auta kyanwa ta riƙe za a yi mata allura. Kyanwar ta yakushe ta, ta shige bayan firji.

"Ƙafarki ce," in ji Likita. "Tun ɗazu take rawa. Dabba na jin abin da ke jikinki."

Wata rana da hantsi wani tsoho mai amalanke ya jawo dokinsa, dokin sharkaf da gumi, yana harbin cikinsa yana neman zubewa. Likita ta saurari cikin, ta yi masa allura, ta zura siririn tiyo ta hancinsa ta ɗura magani.

"Kar a bari ya kwanta ya yi birgima. A yi ta zagayawa da shi a hankali."

Tsohon gwiwarsa ba ta da ƙwari, sai Auta ta karɓi igiyar. Daga katanga zuwa famfo, daga famfo zuwa katanga, rana na dukansu. In dokin ya fara durƙusawa ta ja shi, tana yi masa surutu ƙasa-ƙasa.

"'Yata, zai tashi kuwa?" tsohon ya tambaya daga inuwa.

"Ban sani ba, Baba. Ni ɗaliba ce."

Can da yamma dokin ya tsaya, ya ɗaga jela, ya saki kashi. Tsohon ya yi ta hamdala kamar an yi masa haihuwa. Likita ta maƙala wa Auta abin sauraro a kunne, ta ɗora hannunta a kwiɓin dokin. Auta ta ji hanji na ƙugi a ciki.

Kafin hutun ya ƙare aka kawo wata goɗiya da irin ciwon. Auta ta zagaya da ita har ƙafafunta suka yi kanta, amma goɗiyar ta faɗi, ba ta sake tashi ba. Auta ta ɓuya bayan ɗakin ajiya ta yi kukanta. Da ta fito ta tarar Likita na sa safar hannu.

"Zan buɗe ta in ga abin da ya faru. Kina iya tafiya gida."

"Zan tsaya, Likita."

Hanjin ne ya murɗe, har ya yi baƙi. Likita ta nuna mata wurin da yatsa, ta ce ba tafiyar da za ta warware wannan.

Yanzu Auta tana shekarar ƙarshe, manyan dabbobi ta zaɓa. Likita ta ce in ta gama ta dawo su yi aiki tare. Har yau ba ta ba da amsa ba, don ta ji labarin wata gonar shanu mai nisa da ke neman likita, kuma tana so ta je ta gani da idonta tukuna.