Tunkiya Guda a Gidan Bawa

Shekara talatin da biyu ke nan da Allah ya yi wa Baba rasuwa a Bodinga. Mutanen gari suna tuna shi da Malam Sani mai koyar da Turanci, wanda bai taɓa ɗaga bulala a kan ɗalibi ba. Ni 'yarsa ta fari ina tuna shi da wani labari da ya ɓoye mini, sai da na yi aure, na haihu, na fara koyarwa kamarsa.

A zamanin Turawa, kafin ya shiga aji, Baba malamin rubutu ne da ke bin Bature rangadi. Turancinsa na makarantar midil ne. Can aka koya musu cewa idan abu ya wuce ɗaya sai a liƙa masa harafin s a ƙarshe, book ya koma books. Ranar da ya rubuta sheeps, malaminsu ya tsula masa bulala, ya ce wannan kalmar ba ta canzawa: tunkiya ɗaya sheep, garke guda ma sheep. Baba ya riƙe wannan da kyau. Abin da bai zauna masa ba shi ne, in ɗaya ake nufi, sai an sa ɗan harafin “a” a gabanta.

Wata shekara aka kore garken tumaki daga Horo Birni. Ana cikin cigiya sai aka iske tunkiya ɗaure a gidan wani manomin Mandera mai suna Bawa. Ya ce ta faɗa masa cikin albasa ne, ya ɗaure ta kafin mai ita ya zo. Baturen da ya sauka garin Shagari a lokacin sabon zuwa ne, ba ya jin Hausa, don haka Baba ya rubuta masa bayani. Ya rubuta cewa an sami sheep a gidan Bawa, ba tare da wancan harafi ba. Bature ya ɗauka garken ne gaba ɗaya, ya sa hannu, aka wuce da Bawa birni a matsayin ɓarawon tumaki.

Sai bayan kwana biyu Baba ya ji Baturen yana alfahari cewa ya gano tumakin Horo Birni.  Ya je ya durƙusa, ya ce da shi tunkiya guda ɗaya ce tak. Bature ya tambaye shi rubutun wane ne. Ya kuma ce takarda ta riga ta tafi, in aka dawo da ita, mai rubutun za a tuhuma da ƙarya. A lokacin Inna tana da cikina. Baba ya yi shiru. Bawa ya rasu a kurkuku kafin damina ta biyu.

Ranar da ya ba ni labarin muna zaune a zaure bayan la'asar, bai ko dube ni ba.

"Ɗiyata," ya ce, "mu da muke da tunkiya da tumaki, ko jinjiri ba shi rikita su. Da halshenmu aka rubuta, da Bawa ya kwan gida nai."

Na ce masa ai kuskure ne, Allah ya san zuciyarsa.

"Harafin kuskure na," ya ce. "Shirun fa?"



Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga zamaninmu. Turawa sun tafi tuntuni, amma har gobe manomi na dangwala yatsa a ƙasan takardar da ba ya iya karantawa, wani saurayi mai rabin Turanci ya rubuta masa ita. Jikokina suna haddace man da men, ox da oxen, don su ci jarrabawa. Ba na jin Baba zai yi faɗa. Ina jin zai nemi alli ne kawai.

Bara na daure na hau babur zuwa Mandera. Na iske ɗan Bawa, Malam Garba, tsoho ne yanzu, ido ya fara rauni. Na gaya masa kome, ban rage ba. 

"Hajiya, kin kyauta da kika zo," ya ce. "Amma Innata ta mutu ana kiran ta matar ɓarawo. Waɗanda suka kira ta su ma sun mutu. Wa zan gaya ma yanzu?"

Ya sa aka kawo mini ruwa, ya raka ni har bakin hanya.

Baba ya bar ɗalibai masu yawa, wasunsu sun zama alƙalai da malaman ofis, kuma an shaide su da karanta wa mutum abin da suka rubuta kafin ya sa hannu. Wannan abin kirki ne, ina roƙon Allah ya sa a mizaninsa. Sai dai ko kaɗan daga wannan abin kirkin bai isa Mandera ba. Allah ya jiƙan Baba. Allah ya jiƙan Bawa, wanda bai saci kome ba.