Ranar da Kwamfuta Ta Ce Babu Yaya Binta

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayata Binta, kuma wallahi har yau in na ga kwamfuta a teburin asibiti sai gabana ya faɗi.

Ni ban yi nisa a boko ba, acaɓa nake yi tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Ranar da ta haihu jini ya ɓalle mata, muka kai ta wani asibiti. Kun san halinmu, in abu ya taso kowa rugawa yake. Mijinta Malam Sada ya tsaya tagar kati, Kawu Lawal ya nufi tagar ɗakin jini. Kowa ya faɗi sunanta, ma'aikata biyu suka danna sunan a kwamfuta lokaci guda. Sai kwamfuta ta rubuto wai babu mai wannan suna.

Kawu ya ce, "Babu ita? Ga ta can kwance!"

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, abin da na gani na faɗa. A kawo tsohon katinta."

Katin yana Kurfi. Na hau mashin kamar mahaukaci. Ina dawowa na tarar an lulluɓe ta.

Daga baya wani mai gyaran kwamfuta da na ɗauko a acaɓa ya warware mini. Sunanta yana nan. Hannu biyu ne suka taɓa shi tare, na'urar ta rikice. Maimakon ta ce a dakata, wani yana ciki, sai ta ce babu. Da sun sake dannawa, shi ke nan.

Me za ki ce yau, Yaya? Ke da in mai kifin dam ɗin Zobe ya yi miki ƙarya sai kasuwa ta ji ku? Yanzu ga matata Rabi tana watan haihuwa. Na je asibitin na tambaya ko an gyara, aka ce ba a san ma da matsala ba. Don Allah masu gyaran nan, ku koya wa na'urar ta faɗi gaskiya.

Na roƙi dangi, in ranar haihuwar ta zo mutum ɗaya kaɗai ya je taga. Kawu ya yi fushi, wai ni zan hana shi tsaya wa Rabi, ai ita ma 'yarsa ce.

Yaya Binta ce ta koya mana wannan rugawar. Ko wa aka ce ba lafiya, ita ce kan gaba, ko takalmi ba ta tsayawa nema. Gadon da ta bar mana ke nan, kuma shi nake bi gida-gida ina roƙo a ajiye. Allah Ya jiƙan ki, Yaya.