Waken iri da na soya

Ina gaida mai kula da wannan shafi da masu karatu. Sai da na haura arba'in na shiga karatun manya, don haka ku karɓi rubutun yadda ya zo. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina suyar ƙosai a wani ƙauye kusa da Gidan Amumune. Maigidana ya tafi cin rani, ya bar ni da 'ya'ya huɗu da kasko. Duk garin an san bakina. Mace ta taɓa ni da safe, kafin azahar ta ji tarihin gidansu kaf. Ina jin daɗin haka, ina ganin shi ne ƙarfi, kuma ban taɓa ba wani haƙuri ba tun da na yi wayo.

Ga yadda kaya ke iso mana a lokacin. Ranar kasuwa kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke su bakin hanya, sai wani mai amalanken jaki, magidanci mai sanyin hali, ya kwaso ya raba gida-gida. Ba takarda, ba rubutu jikin buhu, a ka yake riƙe komai. Yayana da ke Tasawa yakan aiko mani da wake jefi-jefi, har ya zama duk waken da ya sauka daga mota, mai amalanke ba ya tambaya, gidana yake nufa. Wata ranar kasuwa cikin bazara na dawo daga rijiya na iske ɗan buhu a zaure. Maƙwabciyata ta ce mai amalanke ne ya aje, ya ce saƙona ne.

Tun kafin in kwance na san ba nawa ba ne. Yayana ɗaurin ganganci yake yi, wannan kuwa an ɗinke bakinsa sau biyu da igiyar rama, ɗinki na mai haƙuri. Da na farke sai toka ta tashi. Wake ne ƙanana, jajaye masu ɗigon baƙi, cuɗe da toka, bai wuce tiya huɗu ba. Duk wadda ta tashi gidan noma ta san abin da toka ke nufi: iri ne, an adana shi don kada ƙwari su taɓa shi kafin ruwa ya sauka. Ba wanda ke aiko wa mai ƙosai wake cikin toka. Na zauna ina kallonsa. Kwanana biyar ban ɗora kasko ba don wake ya yi tsada. Ba zan ce na yi dogon tunani ba, ban yi ba. Na ce a raina ni ban roƙi kowa ba, ban shiga rumbun kowa ba, har zaurena aka kawo. Na tankaɗe tokar, na surfa, na jiƙa.

Kwana uku ina suya. Ƙosan ya yi kyau, ya tashi, har masu saye suna tambayar ina na samo wake. Rana ta huɗu da hantsi aka yi sallama. Mai amalanke ne, tare da wani tsoho na unguwar gabas, abokin marigayi surukina, wanda nake durƙusawa in gaida shi da Baba. Mai amalanke ya fara kame-kame, ya ce mani Yaya, a yi mashi aikin gafara, kuskure ya yi, buhun da ya aje ran kasuwa na Baba ne, ƙanwarsa ce ta aiko daga wajen Urafane. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce wane buhu, na tambaye shi ko jakinsa ne ke ba shi labarin gidajen da ya shiga, na ce in ya saida kayan mutane ya sha shayi da kuɗin, ya nemi wata ya laƙa wa, ba ni ba. Na ce na yayana ne ya iso, kuma na cinye abina. Maƙwabciyata tana jin mu ta katanga, ta ci gaba da aikinta, don ta san ni.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗiyata, shi ba shari'a ta kawo shi ba, kuma bai zo neman buhu ba. Ya ce waken nan kakansa ne ya taho da shi ƙulle a gefen riga tun kafin Nasara su zo ƙasar nan, lokacin da hari ya tashe su daga garinsu na farko. Wake ne mai saurin nuna, yana cika tun hatsi bai fidda kai ba, shi ke riƙe gidansu a makonnin da rumbu ya ƙare. Nasa ya salwanta a shekarar da ta wuce da ruwa ya ɗauke, ƙanwarsa kuma ta tsufa ta bar noma, shi ne ta juye mashi duk abin da ya rage mata. Ya buɗe tafin hannunsa ya ce ko cikin wannan ne ya saura, in ba shi, ya ishe shi ya tada iri, kuma ba mai jin zancen a bakinsa.

A daidai lokacin akwai kusan rabin tiya cikin tukunya a bayan ƙofar ɗakina, ko surfawa ban yi ba. Taku goma ne tsakanina da shi. Amma na riga na zagi mutum gaban jama'a, in na ɗauko na zama maƙaryaciya. Na dubi hannun Baba na ce ba ni da komai. Ya rufe hannun, ya ce to Allah ya rufa asiri, ya gaida yara, suka juya. Washegari na surfe sauran na kai niƙa, don kada wani ya gani. Na soya, na saida, na wanke kasko.

Ruwa ya sauka bayan kwana goma sha. Baba ya shuka waken kasuwa kamar kowa, wanda sai kaka yake nuna. Tsakiyar damana, lokacin da a da gidansa ke ɗibar ɗanyen wake, na riƙa ganin matan gidan suna wucewa da ƙwaryar ganyen tafasa. Jikokinsa sun rame, kowa ya gani. Mutanen gari kuma suka rage ba mai amalanke saƙo. Ni dai ina zaune gaban kasko ina kallo, ba daɗi ba baƙin ciki, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Baba bai fasa amsa gaisuwata ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na san abin yi, don zagi ne sana'ata ta biyu. Bai ba ni wannan ba.

Shekaru sun tafi har aka buɗe ajin manya a garinmu. Wata rana mushe, wato malamin da ke koya mana, ya kawo zancen saye da sayarwa, da haƙƙin mai kaya da na wanda aka kai wa. Na ɗaga hannu na tambaya kamar zancen wata ce can. Ya ce wadda aka sauke wa kayan da ba nata ba, ba dole ta ɗauka a ka tana yawon neman mai shi ba, ba kuma ita za ta biya ɗauko ko mayarwa ba, wannan na wanda ya yi kuskuren ne. Amma dole ta aje kayan yadda suka zo, ta shaida wa wanda ya kawo, in ba a gane mai shi ba a kai wa maigari a yi cigiya. Na sake tambayar limaminmu, ya ce amana ce ta shigo gida da ƙafarta, kuma kuskuren wani ba ya halatta maka dukiyar wani. Ba abin da suka faɗa da ban sani ba ranar da toka ta tashi a fuskata.

Na fara zuwa wurin mai amalanke. Ya saurara, ya ce ai ya sani tun ranar, ya yafe nasa. Baba kuwa ya riga ya rasu. Na iske babbar ɗiyarsa tana sussuka, na faɗa mata komai a tsaye, har da rabin tiyar. Ba ta aje taɓarya ba. Ta ce mani Yaya, yunwar waccan damana sun manta da ita, an yi wasu bayanta. Ta ce in wake nake son biya, kada in kawo mata na kasuwa, suna da shi, nasu za ni kawo. Na ce to. Na bi kasuwar Urafane, na bi Kona, na bi Tasawa da Mayahi, ina tsugunawa gaban tsofaffi masu saida iri ina kwatanta masu. Wasu sun ce sun taɓa ganin irinsa suna yara. Ba wanda ke da shi. Ƙanwar Baba ita ma ta rasu, 'ya'yanta ba su aje ko ƙwaya ba.

Har yau ban yi kuka kan zancen nan ba, kuma ban rubuto don a lallashe ni ba. Abin da na gane shi ne, cin da na yi na kwana uku kuskure ne da yunwa ta sa hannu ciki, ana iya gyara shi. Na rana ta huɗu kuwa girman kai ne tsagwaronsa. Yanzu saƙo ya yi yawa, masu moto, wato babur, na kai kaya ƙofa-ƙofa, ana kuskuren gida kullum. 'Yan'uwana mata, har da ku maza, in kaya suka sauka gidanku ba ku kuka aika ba, kada ku kwance, ku kira wanda ya kawo tun bai yi nisa ba. Ba ku san abin da mai shi ya jingina a kansu ba. In kuma kun riga kun taɓa, aka zo tambaya, ku fito da abin da ya saura ko yaya ƙanƙantarsa, ku sha kunyar ta rana ɗaya. Ni na ƙi shan ta, kuma wake da ya yi zamani uku a hannun mutane a kaskona ya ƙare.