Afusat da Saƙon Motocin Taki

A Funtuwa aka haifi Afusat, 'yar Raufu mai sayar da kayan keke a bakin kasuwa. Da ta gama koyon tafireta, wani kamfanin auduga ya ɗauke ta aiki. A 1988 aka kawo kwamfuta ofishin, aka zaunar da ita a gabanta.

Kwamfutar ce ke tsara saƙonnin da ake turawa ta waya zuwa rassan Malumfashi da Musawa. Wanda ya rubuta wa kwamfutar umarnin aikinta ya koma Kaduna, ya bar shi a hargitse. Jimla ɗaya sai ka gan ta a wurare barkatai, wata an rufe ta da alamar zance mai waƙafi biyu, wata mai waƙafi ɗaya. Abin ya dami Afusat. Ta tattara jimlolin wuri guda, ta rufe su duka da waƙafi ɗaya.

Ranar da za a sanar da rassa cewa motocin taki na tafe, kwamfutar ta ƙi aiki. Damina ta faɗi, manoma sun cika harabar, direbobi kuma sun ce ba sa tashi sai reshe ya amsa. Manajan, Alhaji Isyaku, ya zo ya tsaya mata a kai.

"Me kika taɓa?"

"Gyara na yi, Alhaji."

"Wa ya ce miki ta lalace?"

Ta juya kan kwamfutar. Ta riƙa bin layukan umarnin ɗaya bayan ɗaya. A waje wani ya fara dukan ƙofa, hadari kuma ya haɗu ta gabas. Can ta kai kan jimlar da ke cewa a shirya karɓar kaya ran Jumma'a. Tunda da waƙafi ɗaya ta rufe jimlar, ɗan waƙafin sama da ke cikin kalmar Jumma'a ne kwamfutar ta ɗauka ƙarshen zancen, sauran ya zame mata shirme.

Ta mayar da waƙafi biyu, saƙo ya tafi. Motar Malumfashi ta isa lafiya. Ta Musawa kuwa ruwa ya tare ta a hanya, buhuna da dama suka jiƙe.

Alhaji bai kore ta ba, amma ya mayar da ita kan tafireta har kaka. Bayan kamfanin ya rufe, ta kama shago kusa da tasha, tana koya wa matan aure buga rubutu.