Maiwada da Fararen Ɓeraye

Rubuta, Kubura, kada ki gyara mini magana. Labarin Maiwada ne, na bayan masallacinmu.

Maiwada ya tsufa yana tallar maganin ɓera a unguwar Kpakungu, da 'yar lasifika rataye a wuya. Ranar da aka ji an ɗauke shi kiwon ɓeraye a wani ɗakin bincike, a unguwarmu Tudun Wada har riƙe ciki aka yi don dariya. Telanmu Sanda ya ce, "To, an ba kura ajiyar nama."

Mai aikin wata Dakta Patricia ce. Yadda Maiwada ya fahimtar da ni, akwai cutar da ba daga waje take shigowa ba, wani baki ne a cikin hanta yake ta ba jiki umarnin banza. Akwai maganin da zai rufe bakin nan, wahalar ita ce kai shi wurin. In an zuba shi tsirara, jini ya cinye shi a hanya. Sai an naɗe shi cikin ɗigon mai, a yi wa ɓera allura a wutsiya, a ga ko zai sauka a hanta.

Maiwada ke riƙe su a yi allurar. Shi ke ba su abinci, in an ɗauke wuta ya yi musu fifita da kwali. Har suna ya raɗa musu, akwai Hajiya, akwai Sarkin Cizo. Nan ya yi kuskure, don ba a sanin inda magani ya sauka sai an buɗe ciki. Da ya ji haka, ya ce shi kam in an taɓa su ya bar aikin.

Ranar ta zo. Dakta ta ce, "Baba Maiwada, je ka sha iska, mu za mu yi."

Ya kai bakin ƙofa, sai ya ji tsuwarsu. Ba su san hannun kowa ba sai nasa. Ya juyo.

"Dakta, miƙo mini Hajiya."

"Baba, za ka iya?"

"In dai tafiyar ce, gara su tafi a hannun da suka sani."

Ɗaya bayan ɗaya ya riƙe su, yana shafa musu baya, har maganin barci ya ɗauke su.

Da aka duba, maganin da aka naɗe ɗin saifa ya zarce, kaɗan ne ya isa hanta. Dakta ta zauna ta yi tagumi. Maiwada bai ci abinci ba ranar nan, ni na gan shi. Muka ce shi ke nan, ya koma talla.

Washegari Dakta ta tarar da shi yana wanke kejin.

"Baba, na ɗauka ka tafi."

"In na tafi, wa zai riƙe na gaba? Ki sake naɗin nan, 'yata. Waɗancan ba za su tafi a banza ba."