Kabarin Sabi'u a Tsibirin Masunta

Daga Nkembo zuwa gaɓa

Na kulle shagona na unguwar Nkembo, a ƙasar da nake ci-rani, da ƙarfe biyar da kwata na asuba, washegarin Babbar Salla. Sallar ma ni kaɗai na yi ta, iyali suna Kano, ƙanena Sabi'u kuwa da muka yi ta bara tare ya cika wata biyar a ƙasa. Jirgin dakon siminti da yake aiki a ciki ne ya kife a bakin teku, ruwa ya kai gawarsa wani tsibiri, masunta suka binne shi. Wasiƙa uku Inna ta aiko, tambayarta ɗaya: wa ya yi masa salla? Ban amsa ko ɗaya ba.

Taksin Isufu na shiga, mutumin Maraɗi.

"Malam Garba, lahiya? Kowa na cin nama, kai ka kama hanya."

"Wajen Sabi'u za ni."

Sai ya kashe rediyo. Muka ratsa unguwar Louis, benaye rabi da rabi ko'ina, kuɗin man fetur ya sa garin gini kamar ana korar sa. Jandarma biyu suka tsare mu kusa da gaɓa, ɗaya ya juya takardar zamana gaba da baya, ya miƙo mini. Shida da rabi muna bakin ruwa, Isufu ya ƙi karɓar kuɗin mota.

A kan ruwa

Kwalekwale mai inji ne, mu tara, da buhunan gishiri da kwalaben giya. Ni ɗan tudu ne, ruwan da ya wuce gwiwa ba abokina ba ne. Awa ɗaya da minti ashirin na yi riƙe da katako, ina kallon ruwan da ya cinye ƙanena, ina jin haushinsa kamar mutum. Direba ya sauke ni a kan yashi, ya ce ƙauyen yana bayan tsibirin, kilomita bakwai, in yi sauri kafin teku ta cika ta rufe hanya. Ƙarfe huɗu zai dawo.

Tafiyar ƙasa

Na rataye takalmana a wuya na bi gaɓa. Dama teku, hagu daji mai duhu, saiwoyi tsaye cikin laka. Wajen tara aka soma yayyafi, bai tsaya ba har na isa. Ban haɗu da kowa ba sai ƙaguwa. Na tuna a wannan lokacin gidanmu ya cika da ƙamshin suya, yara suna shiga suna fita, sai kaɗaici ya danne ni har na zauna a kan wani kututture na yi kuka. Da na tashi na kama hailala, taku ɗaya kalma ɗaya, ita ta kai ni.

Ƙauyen

Sha ɗaya saura na iso, bukkoki ne ba su fi goma ba. Aka haɗa ni da Papa Ogula, tsohon masunci, Kirista, wanda ya tsamo gawar. Da Faransancina na kasuwa muka fahimci juna. Matarsa ta kawo kifi banda da rogo naɗe a ganye, na ba su soyayyen naman da maƙwabci ya ba ni.

Kabarin yana gefe, an share shi, ba gicciye a kai. Amma ina ganinsa na gane bai daidaita da alƙibla ba. Raina ya ɓaci, ni kuwa ba na iya haɗiye magana.

"Baba, haka ake kwantar da Musulmi? Ba wanda za ku tambaya?"

Tsohon bai ɗaga murya ba. "Ɗana, mun ga tabon goshinsa, mun san naku ne. Mun ji da farin ƙyalle kuke binnewa, matata ta ba da zanen gadonta. Inda kuke fuskanta ne ba mu sani ba. Mun aika kasuwarku a nemo danginsa, kwana biyu muna jira. Ba wanda ya zo."

Saƙon nan kuwa ya iso gare ni a ranar. Takardar zamana ce ta ƙare a lokacin, na ji tsoron shingen jandarma, na zauna a shago na ce gobe. Kunya ta rufe ni, na roƙe shi ya yafe mini.

Na yi alwala da ruwan teku, na fuskanci alƙibla, kabarin yana gabana. Kabbara huɗu, ba liman ba sahu, sai tsohon a gefe riƙe da hularsa a hannu. Ina sallamewa na ji ƙirjina ya ɗan saki. Ƙasar nan ma ta Allah ce, kuma ba sai an nuna masa inda Sabi'u yake kwance ba.

Komawa

Teku ta cika, sai Papa Ogula ya zagaya da ni a kwalekwalensa zuwa inda direba zai ɗauke ni. Bakwai da rabi na dare na buɗe shago. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Isufu, da tsohon nan da matarsa waɗanda suka yi wa ƙanena abin da ni ban yi ba. Washegari na rubuta wa Inna cewa an yi masa salla, ni na yi ta, bayan wata biyar. Na rubuta mata dalilin ma, ban rage komai ba.